Jinjina ga Masu Haɗa Kwamfutoci

A shagunan buga takardu na kusa da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, kwamfuta uku kan yi amfani da firinta ɗaya. Ranar da suka daina ganin juna, aiki ya tsaya cak, ɗalibai sun yi cirko-cirko.

Sai a kira mai gyara. Ba ya gaggawa. Zai duba fitilun rauta, ya hure ƙurar hunturu daga bakin waya, sannan ya leƙa lambar IP, domin sau da yawa ɗauke wuta ne ya sauya ta. Ya daidaita, fayil ya wuce.

Har Argungu ake kiran masu gyaran nan, kuma suna zuwa. Jama'a, ku biya su haƙƙinsu ba ja-in-ja. Allah ya yi wa sana'arsu albarka.