Shaihu Umar: Fim ɗin da Mai Son Zama Jarumi Ya Kamata Ya Fara Gani

A 1934, shekarar da aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Rabah, aka buga ɗan littafin da abokin karatunsa na Kwalejin Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta, wato Shaihu Umar. Bayan shekara kusan arba'in, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani mutumin Tirinidad da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, suka mayar da labarin wasan dandamali, aka buga shi a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ɗin kuma shi ya fito a matsayin Shaihu. Daga nan fim ɗin ya yi ɓatan dabo. Sai a 2016 aka tono shi cikin tsofaffin gwangwanayen Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi Hausa a makaranta. Almajirai sun tambayi malaminsu asalinsa, shi kuma ya warware masu: haihuwarsa a Kagara, makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau mijin uwarsa har aka kore shi daga gari, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi karatu, da yadda uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, aka ƙetare Sahara da ita.

Abin da ya ja ni ga yin wannan bita ba labarin ba ne, 'yan wasan ne. Fim ne na fiye da awa biyu, kuma ba ya gaggawa ko kaɗan. Kyamara takan tsaya wuri ɗaya ta bar mutum da halinsa. A irin wannan ɗauka babu maɓoya: ba a yanka ka kowane daƙiƙa biyu, ba kiɗan da zai yi kuka a madadinka. In ba ka iya zama ba, za a gani. Umaru Ladan ya iya zama. Dubi yadda yake a gaban almajiransa, bayansa a miƙe, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka sai da dalili, hannunsa ba ya yawo. Mutum ne yake ba da labarin mafi munin abin da ya same shi a duniya, amma da bakin wanda ya riga ya sallama wa Allah. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Wurno bayan La'asar ya san wannan zama, ya kuma san ba rawani ne ke kawo shi ba.

Wannan natsuwa koyonta ake yi. Mutumin da ya zauna ya tsara labarin domin dandamali, ya san inda kowace magana ta dosa tun kafin a kunna kyamara, dole wasansa ya bambanta da na wanda aka miƙa wa takarda a lokeshan aka ce ya haddace kafin rana ta faɗi. A Amurka, makarantu irin su Yale sukan riƙe mai digiri shekara uku zuwa huɗu suna koya masa numfashi, murya, tafiya da sauraren abokin wasa, kafin su ba shi digiri na biyu. A nan gida ma an kafa harsashin. Tun 1975 Michael Etherton ya buɗe karatun wasan kwaikwayo a Zariya, a jami'ar da ke ɗauke da sunan ɗan Rabah, aka gina ɗakin wasa na ƙasa mai siffar gidan Bahaushe, ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa tare da manoma. Yau sashen wasan kwaikwayon yana ba da digiri har na uku, Jami'ar Bayero ma tana da nata, ga kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos. Sai dai a gaskiya yawancin fuskokin da muke gani a Kannywood ba ta wannan ƙofa suka shigo ba, kuma karatun jami'o'in namu ya fi karkata ga nazari da rubuta kundi fiye da horar da jiki da murya.

To, me ya haɗa mutumin Goronyo ta Jihar Sakkwato da wannan zance? Satar mutane. Lokacin da aka yi fim ɗin, mai kallo yana ganin yaron da aka ɗauke da uwar da ta bazama nemansa a matsayin tarihin kakanni. Yanzu a gabashin Sakkwato ba tarihi ba ne. Mutanen gundumar Gandi ba su manta harin 2018 ba, haka ma waɗanda suke kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Akwai gidajen da aka sayar da gona da shanu aka biya kuɗin fansa. In ɗan wasa zai tsaya gaban waɗannan mutane ya kwaikwayi uwar da aka raba da ɗanta, ihu da birgima ba za su fisshe shi ba, don a cikin masu kallon akwai wadda abin ya faru a kanta, kuma ta san ba haka ake yi ba. Ta san cewa an fi yin shiru, a ci gaba da daka, a kasa cin tuwon. Shaihu Umar ya fi kusa da wannan gaskiya fiye da yawancin fina-finan da aka yi bayansa da kyamarori masu tsada.

Ba wai fim ɗin ba shi da aibu ba ne. Ƙamshin dandamali bai sake shi ba: wani lokaci mutane sukan jeru suna karɓar magana bi da bi, kamar masu jiran a ba su izini. Mai kallon da ya saba da waya zai ƙosa tun kafin a bar Kagara. Babban abin da ya fi damuna kuwa gado ne daga littafin: an tausasa wa bauta. Abdulkarim mutumin kirki ne, yaron ya zama malami, sai ka ga kamar ana so a ce ƙarshen abin alheri ne, alhali uwar ta ƙare rayuwarta a hannun iyayen giji a ƙasar da ba tata ba. Darakta bai matsa wa wannan tambaya ba, ya bar ta a fuskokin 'yan wasa, su kuwa sun ɗauki fiye da abin da aka rubuta masu.

Gwanaye ba su ƙare a yankinmu ba. A duba yaran da ke tashe cikin azumi, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi, wani ya manna auduga a haɓa ya rangwaɗa murya ta tsoho, har dattijon da ake kwaikwaya ya yi dariya ya ba da hatsi. A tuna da Idon Matambayi na gidan talabijin na NTA Sakkwato, wanda ya nuna cewa ana iya riƙe masu kallo da Sakkwatanci tsantsa, ba sai an mai da shi harshen ban dariya kawai ba, kamar yadda wasu fina-finan Kano suka saba. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki wannan baiwa ya zaunar da ita shekara biyu ko uku yana gyara ta.

Adamu Halilu ya fito ne daga zamanin majigi, lokacin da mota ke shiga ƙauye a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Tunda an gyara fim ɗinsa har Jamusawa sun kalla, ina roƙon Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da gwamnatin Jihar Sakkwato su kawo shi makarantun sakandaren Wurno da Rabah da Goronyo, a nuna wa ɗalibai, a kuma zo da malamin wasan kwaikwayo daga Zariya ko Kano wanda zai tsaya bayan an gama ya amsa tambayoyinsu.