Zaman Shiru a Gidan Yari: Shin Yana Raba Ɗaurarre da Taba da Ƙwaya?

Akwai wani labari mai daɗin ji da ke yawo a bakin masu aikin gyaran hali. Wai a zaunar da ɗaurarre, a koya masa yin shiru yana lura da numfashinsa da abin da ke kai-komo a zuciyarsa, bayan 'yan makonni sai ka ga ya bar taba, ya bar ƙwaya. Turawa na kiran wannan horo mindfulness. Mu a nan za mu kira shi halartar da hankali, wato mutum ya tattaro hankalinsa kan abin da yake ji yanzu-yanzu, ba tare da ya bi shi ko ya guje masa ba.

Abin na da jan hankali ga hukumar da aljihunta bai da nauyi, domin ba ya buƙatar magani ko allura, tabarma ce kawai da mai koyarwa. Idan kai ɗan Kankia ne ko Kusada, ka san yaran da taramol ko wiwi ta kai gaban alƙali, ka kuma san waɗanda suka fito suka koma ruwa kafin sati ya zagayo. Don haka tambayar ta shafe ka: wannan horon yana aiki, ko daɗin baki ne? Matsayina shi ne dabarar tana da tushe, amma hujjar da ake tallata ta da ita ba ta kai girman tallan ba, musamman a kan taba.

Daga ina labarin ya fito

Asalin horon daga addinin Buddha yake. A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya cire masa rigar addini ya mayar da shi shirin asibiti na mako takwas a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka. A ɓangaren gidan yari kuwa, labarin da ya fi tashe shi ne na kurkukun Tihar a Delhi ta Indiya. A 1994, lokacin da Kiran Bedi ke shugabancin gidan, an zaunar da ɗaurarru kusan 1,000 suka yi kwana goma suna wani nau'in horon da ake kira Vipassana.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi ya fito a 2006, daga Sarah Bowen da Alan Marlatt da abokan aikinsu na Jami'ar Washington. Sun bi diddigin ɗaurarrun wani gidan yari mai sassaucin tsaro a Seattle. Waɗanda suka yi kwana goman nan na shiru, wata uku bayan an sake su, sun rage shan giya da wiwi da hodar iblis fiye da waɗanda ba su yi ba.

Abin da ya sa dabarar take da ma'ana

Nikotin ɗin da ke cikin sigari yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa. Saboda wannan saurin, ƙwaƙwalwa takan ɗaure taba da duk abin da ke kewaye da ita: shayin safe, ɓacin rai, zaman majalisa, ƙanshin hayaƙin aboki. Daga baya ganin waɗannan kaɗai ya isa ya tayar da ƙawar taba, hannu ya tafi aljihu kafin tunani ya iso.

Horon yana ƙoƙarin shiga tsakanin ƙawar da hannun. Ana koya wa mutum ya tsaya ya duba: ina nake jin abin nan, a maƙoshi ko a ƙirji? Yana ƙaruwa ko yana raguwa? Wanda ya jure zai gano ƙawar kan taso, ta kai ƙololuwa, sannan ta lafa ko bai kunna kara ba. Wannan gaskiya ne, kuma abin koyo ne mai amfani. A 2011 Judson Brewer na Jami'ar Yale ya gwada shi a kan mashaya taba 88 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A mako na 17, kashi 31 cikin ɗari na masu horon ba sa shan taba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 6 ne.

To ina matsalar?

Mu koma binciken Seattle. Da farko, ba ƙuri'a aka yi ba, ɗaurarrun ne suka zaɓi shiga da kansu. Ka yi tunani, mutumin da zai yarda ya yi kwana goma ba magana, yana zaune kusan awa goma kullum, ai tun kafin a fara ya fi sauran niyyar canzawa. Ta yaya za mu raba tasirin horon da tasirin niyyar? Kamar ka zaɓi ɗaliban da suka fi son karatu ka ba su sabon littafi ne, in sun ci jarrabawa ka ce littafin ne.

Na biyu, mutum 87 kacal aka samu a bibiyar wata uku, 29 daga cikinsu ne suka yi horon. Wanda ya koma shaye-shaye gadan-gadan shi ne ya fi wuyar samu a cike takardar tambayoyi, don haka waɗanda suka rage za su iya sa sakamakon ya yi kyau fiye da yadda yake. Na uku, bakin mutanen aka dogara da shi wajen sanin abin da suka sha. Na huɗu, wanda masu talla ba su cika faɗa ba: taba ba ta cikin jerin abubuwan da binciken ya nuna sun ragu.

Gwajin Brewer kuwa an yi ƙuri'a, amma mutanen kaɗan ne, kuma ba ɗaurarru ba ne. Da ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta haɗa bincike 21 masu mutum 8,186 a 2022, ba ta ga bayyananniyar shaida cewa irin wannan horon ya fi sauran hanyoyin barin taba ba. Ta kuma ce ingancin shaidar ƙasa yake. A ɓangaren ƙwaya da giya labarin ya ɗan fi daɗi: gwajin ƙuri'a da Bowen ta yi a 2014 da mutum 286 ya nuna raguwar shaye-shaye bayan shekara guda. Sai dai su ma mutane ne da suka riga suka gama matakin farko na magani a waje, horon ƙari ne a kan maganin da suka samu.

Jarrabawar tana bakin ƙofa

Barin taba a bayan katanga ba shi ne barin taba ba. A jihar Queensland ta Ostireliya, inda aka hana taba a gidajen yari, binciken da aka wallafa a 2018 ya gano kashi 72 cikin ɗari na tsofaffin mashaya sun koma a ranar da aka sake su, kashi 94 cikin wata biyu. Nikotin ya daɗe da barin jikinsu, amma majalisa da mai tireda da damuwar rashin aiki suna nan suna jira.

Ga masu shan ƙwaya abin ya wuce komawa kawai. Jikin da ya yi watanni bai sha ba, juriyarsa ta ragu, adadin da ya saba sha a da zai iya kashe shi yanzu. Binciken Ingrid Binswanger na 2007 a jihar Washington ya nuna cewa a makonni biyun farko bayan saki, haɗarin mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129.

Abin da ya ɗan yi tasiri a kan taba shi ne shirin da ya tsallaka katangar tare da mutum. A gwajin Jennifer Clarke na 2013 a Rhode Island, an yi wa ɗaurarru zaman shawara sau shida kafin saki, aka kuma kira su a waya bayan sun fita. Bayan wata uku, kashi 12 ba su koma ba, a rukunin da ba a yi wa ba kashi 2. Ka ga ko shirin da ya yi nasara, mutum 12 cikin 100 ya riƙe. Duk wanda ya yi maka alƙawarin fiye da haka da zaman shiru kaɗai, ka nemi ya nuna alƙalumansa.

Idan aka kawo shi Kankia

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ƙasashen da ba irin yanayinmu ba. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka gudanar, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na shan ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su taramol da kodin suke sha. Waɗannan dangin ofiyom ne. Wanda jikinsa ya kamu da su, in ya daina rana tsaka zai yi fama da ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne, lura da numfashi ba zai tsayar da shi ba.

Sannan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne. Wanda bai san ranar fitarsa ba, yaya za a tsara masa shirin mako takwas da bibiya? Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta canza sunan gidan yari ta kuma ɗora wa hukumar aikin gyara, amma suna ba ya samar da ɗakin da babu cunkoso, ko mai koyarwar da ya ƙware.

Akwai kuma batun addini. Wani zai ji an ce Buddha ya ja baya, wani kuma zai ce ai muna da zikiri da khushu'i a salla, me muke nema? Lallai Musulmin Kankia ko Kusada ba baƙo ba ne ga halartar da zuciya, kuma malamai sun daɗe suna koyar da muraƙaba da haƙuri. Wannan zai sa dabarar ta fi saurin shiga idan aka koyar da ita da harshen da mutane suka sani. Amma kamanceceniya ba hujja ba ce, sai an gwada an ƙirga. Mun ga inda kyakkyawar niyya ba tare da awo ba ta kai mu a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da birnin Katsina suka fito da mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su don a raba su da shaye-shaye.

Ban ce a yi watsi da horon ba. Yana da arha, kuma mutumin da ya koyi zama da ƙawarsa minti goma ya samu wani abu. Kankia na da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, don haka akwai inda za a samu waɗanda za a horar su bi mutum har gida bayan an sake shi. Amma duk ranar da wata ƙungiya ko wani ɗan siyasa ya zo da shirin, ka yi masa tambaya uku. Wa zai duba lafiyar mai shan taramol a makon farko? Wa zai neme shi a Kusada wata uku bayan ya fito? Kuma mutum nawa aka fara da su, nawa aka ƙare da su? In ba amsa, to hoton taron buɗewa kawai za a samu, yaron kuma ya koma majalisar da ya baro.