Daga Buroshi Zuwa Manhaja

Kafin kwamfuta ta shigo shagunan Kano, mai son allon shago ko rubutu a jikin gingimari wurin mai buroshi yake zuwa. Kayan aikinsa gwangwanayen fenti ne da zare da alli. Ya ja layi, ya auna tazara da ido, ya bi harafi bayan harafi har sunan shagon ya cika allon ba tare da na ƙarshe ya maƙale a lungu ba. Magadansa a yau suna gaban kwamfuta, shi ya sa wasu ke ɗauka aikin ya koma danna maɓalli. Wanda ya taɓa tsayawa bayan gwani yana haɗa fastar fim ko katin ɗaurin aure ba zai faɗi haka ba.

Sana'ar ta zo a kan gaɓa. Kamfanin Corel na Kanada ya fito da CorelDRAW a 1989, Photoshop ya biyo baya a 1990, shekarar da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa. Kowane kaset yana buƙatar kwali da fasta, littattafan soyayya suna buƙatar bango, ga kalanda, ga 'yan siyasa tun daga 1999. Da manhajar ta iso, sai ta tarar da kasuwa tana jiranta. Har gobe Corel ce ke mulki a yawancin maɗaba'unmu, don da ita masu injin suka saba.

Gwani ba ya fara taɓa kwamfuta sai ya yi tambaya: ina za a kafa aikin, kuma wa zai gani? Bana da za a rataya a shataletale, direban a-daidaita-sahu zai ɗaga ido ne sau ɗaya ya wuce, don haka fuska ɗaya da suna ɗaya da magana ɗaya sun isa. Katin biki kuwa a hannu za a riƙe shi, a juya, a nemi sunan dangi. A nan ake karo da kwastoma. Alhaji yana son hotonsa, da na ubangidansa, da na ubangidan ubangidan, da muƙamai shida a ƙarƙashin suna. Mai zane ya sassauta murya ya ce, "Ranka ya daɗe, in muka zuba su duka, naka ne zai ɓace." Rabin gwanintar ke nan, kuma babu manhajar da ke koyar da ita.

Sauran rabin yana tsakanin allo da takarda. Kwamfuta tana haɗa launi da haske uku: ja, kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, kowace da farantinta. Akwai koren da ke walƙiya a allo amma ya fito a takarda kamar dafaffen zogale, kuma ƙwararre ya san shi tun kafin a ɓata kwali dubu. Ya san hoton da za a buga a kati yana son ɗigo 300 a kowane inci, bana kuwa ƙasa da haka ya wadatar tunda daga nesa ake kallonta. Ya san WhatsApp na matse hoto, shi ya sa yake naci a turo masa a matsayin fayil. Yana barin rarar kusan milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta da alƙawari. Kafin ya miƙa aiki yana mayar da rubutun zane, kada kwamfutar maɗaba'a ta rasa irin haruffan ta musanya su da wasu.

Akwai wahalar da mai zane a Landan bai san da ita ba: ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin kyawawan haruffan da aka ƙera a Turai da Amurka ba su da lanƙwasarmu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan Rabi'at don toshe wannan giɓi, amma har yanzu idan gwani ya ga salon da ya yi masa, sai ya zauna ya zana ƙugiyar da hannunsa, ya daidaita kaurinta da na jikin harafin har ba a gane ɗinki. Rago kuwa ya bar ta kawai. Haka rubutun Larabci a saman kati, wanda tsofaffin manhajoji kan wargaza haruffansa su juya shi baibai. Sai mai karatun allo ke lura, kuma abin kunya ne babba idan ya kai hannun jama'a a haka.

Ƙasa ta sake motsawa a 2013, lokacin da kamfanin Adobe mai Photoshop ya koma karɓar kuɗin haya maimakon sayarwa, manhajar Canva kuma ta fito daga Ostireliya ta sa kowa ya iya haɗa gaisuwar Juma'a a wayarsa. Ƙananan ayyuka suka tafi. Kasuwar faifan fim ta mutu, finafinai suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, fasta ta ƙanƙance ta zama ɗan hoton da babban yatsa zai danna ko ya wuce. Waɗanda suka tsira su ne suka bi aikin inda ya koma: tambarin kamfani, kwalin yaji da kilishi da turaren wuta, inda dole a samar wa lambar NAFDAC da ranar lalacewa wuri ba tare da an ɓata fuska ba.

Daga 2022 ga ƙirƙirarriyar basira ta zo tana zana hoto daga magana. Tana cire bayan hoto cikin ƙiftawar ido, aikin da a da yakan cinye rabin yini ana bin gefen gyale. Amma ka ce ta zana maka basarake, sai ta naɗa masa rawanin wata ƙasa, kuma sai wanda ya san rawani mai kunne biyu ne zai ce mata a sake.

Wasu matasan suna shigowa ta sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wasu ta darussan YouTube, mafi yawa a matsayin yaran shago. Maigidan kirki ba ya saurin ba yaro kujera. Aikensa yake yi maɗaba'a da aiki a hannu, ya tsaya kusa da mai inji da mai yanka, ya dawo da gurɓatattun kwafi su duba tare inda aka kuskure.