Mother Love Bone: ƙungiyar da faifai da marsiyya suka raya

Masu nazarin waƙar baka sun san cewa ƙungiyar makaɗa kan rayu ne da numfashin ubangidanta. In ya kwanta dama, ƴan amshi su watse, ganguna su koma rataye. Wannan al'amari bai tsaya ga ƙasar Hausa ba. Tarihin Mother Love Bone, wata ƙungiyar kiɗan jita ta birnin Siyatil a Amurka, ya isa misali, kuma akwai abin lura a cikinsa ga malamai da ƙungiyoyin al'adu na Damagaram.

An kafa ta a ƙarshen shekarun 1980. Stone Gossard da Jeff Ament da Bruce Fairweather sun fito daga Green River, Greg Gilmore na kan ganguna, Andrew Wood kuwa shi ne zabiyinsu. A 1989 suka fitar da ƙaramin faifai mai suna Shine. A watan Maris na 1990, ana gab da fitar da babban faifansu, Apple, ƙwayar hiroyin ta kashe Wood yana da shekara 24. Faifan ya fito a Yuli, ƙungiyar kuwa ta riga ta mutu.

Ana lissafa su cikin magabatan kiɗan da aka sa wa suna grunge, kalmar da ke nufin dauɗa, saboda kaushin amon jitarsa da baƙin cikin da ke cikin baitocinsa. Sai dai wanda ya saurari Apple da kunnen basira zai ji bambanci. Wood mutum ne mai son ado da annashuwa, ya fi karkata ga salon mawaƙan rok na shekarun 1970. Wasu waƙoƙin faifan kwaikwayo ne da bai gama nuna ba. Inda ya sassauta murya, kamar a Crown of Thorns, nan ne ake jin mawaƙin da zai iya zama. Tausayin mutuwarsa kan sa masu yabo su manta da wannan, alhali aikin mai nazari shi ne ya auna abin da aka yi, ba abin da ake fatan a yi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙungiyar kanta girma. Chris Cornell na Soundgarden, wanda ya taɓa zama gida ɗaya da Wood, ya tsara masa waƙoƙin marsiyya biyu, ya nemi Gossard da Ament su kama masa. Daga nan aka sami faifan Temple of the Dog na 1991, inda wani baƙo, Eddie Vedder, ya sa muryarsa. Da shi ne mutanen biyu suka kafa Pearl Jam, wadda faifanta Ten ya zagaya duniya. Amma ƙwaya ba ta bar garin ba: ta bi Kurt Cobain har ya kashe kansa a 1994, ta ɗauke Layne Staley a 2002. Malamin da zai ba matasa wannan labari ya kamata ya faɗe shi duka.

Abu biyu ne, ke nan, suka hana sunan ya ɓace: an naɗi aikin, kuma abokai sun biya bashin zumunci da waƙa. Mu dubi namu. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ta tsara waƙoƙi da raye-raye domin gasa, a birni da ƙauye. Da yawa sun watse bayan biki, waƙoƙinsu suka saura a bakin waɗanda suka rera su. Muryar Ma'azu Ɗan Alalo ta iso mu ne domin an ɗauke ta. Tsofaffin ƴan amshi na Hamdara da Mirriya kuwa, waɗanda ba su yi fada ba, wa zai kai musu na'ura tun suna iya tunawa? Yau kowane malami na da ita a aljihunsa.