Gwanin da ke gane inda hankalin yaro ya tafi

A kira yaro ɗan shekara shida sau uku bai waiwayo ba, mutanen gida za su ce taurin kai ne, ko kuma kunnensa ne. Gwanin likitan ƙwaƙwalwar yara ba ya saurin yanke hukunci. Abin da yake son sani shi ne: lokacin da yaron bai amsa ba, ina hankalinsa yake? Idan ya duƙufa ne yana jera marafan kwalba, ja kusa da ja, kore kusa da kore, har an jima bai ɗaga kai ba, wannan ya fi kama da otizim, larurar da ke shafar yadda yaro ke hulɗa da mutane: hankalin yana nan daram, kafewa ya yi wuri guda. Idan kuwa ya taɓa marafan ya watsar, ya leƙa taga, ya ja labule, ya shige ƙarƙashin tebur, to ya fi kama da ADHD, wato larurar kasa tattara hankali da yawan ƙiriniya. Inda gizo ke saƙar shi ne, yara da yawa suna ɗauke da duka biyun.

An daɗe ba a yarda da haka ba. Kundin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 1994 ya hana a ce yaro mai otizim yana da ADHD. Sai a ɗora duk rawar kansa a kan otizim a wuce. Sai a bugun 2013 aka janye wannan sharaɗi. Wani babban nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 28 cikin 100 na masu otizim suna da ADHD, wasu binciken ma sun ba da adadin da ya fi haka. Ɗaya kuma kan rufe ɗaya: wani bincike a Amurka a 2015 ya gano cewa yaran da aka fara cewa ADHD gare su kan yi jinkirin kusan shekara uku kafin a gane otizim ɗinsu.

Aikin gwanin na ido ne da haƙuri. Sai ya zauna ƙasa da yaron, ya mirgina masa ƙwallo, ya ce, "Yanzu kai, sai kuma ni." Wani yaron ya san ƙa'idar sarai, zai ma faɗa maka ita, amma hannunsa ya riga tunaninsa, ya fizge ƙwallon, sannan ya kalle ka yana dariya. Wani kuma bai lura cewa wasan na mutum biyu ba ne; ya ɗauki ƙwallon yana juyawa, yana kallon ɗinkinsa. A ido, duka biyun sun ƙi jiran layi. Wannan ɗan kallon da dariyar, da wani zai bari su wuce, su ne gwanin ke rubutawa.

Haka batun tashi daga kujera. Yakan tambayi malamar aji: "Malama, in ya tashi, ina yake zuwa? Kuma yaushe?" Yaron da ke tashi duk lokacin da aka kunna fanka ko janareta, ya toshe kunnuwa ya nufi lungu ɗaya kullum, ƙara yake gudu. Wanda ke tashi safe da rana, yau bakin ƙofa, gobe kan bencin wani, zaman ne ba ya iyawa. Motsin ma kala biyu ne: kaɗa hannu ko jijjiga jiki iri ɗaya yana maimaituwa, sau da yawa kwantar wa yaro da hankali yake yi, ba ƙiriniya ba ce. A ajin da yara suka yi wa malami ɗaya yawa, duk wannan sunansa ɗaya, gagara, kuma bulala ce kan biyo baya. A ganina nan ne aka fi zaluntar irin waɗannan yara.

Gwanin ba ya tsayawa ga abin da ya gani a ɗakinsa. Ƙa'ida ta ce alamun ADHD su kai wata shida, su bayyana kafin shekara 12, a wuri biyu ko fiye, kuma su zarce abin da ake tsammani daga matakin girman yaron. Don haka yakan ba uwa da malama takardar tambayoyi kowa ta cike tata. Yakan sa a auna ji, ya tambayi yadda barci yake, ya kuma bincika wata farfaɗiya da ke sa yaro ya yi sororo na 'yan daƙiƙoƙi, domin farfaɗiya ta fi yawa a masu otizim.

Ko a wajen magani ba ya garaje. A wani gwaji da aka buga a 2005, an ba yara 72 masu otizim da ƙiriniya maganin methylphenidate. Kusan rabinsu ne suka amfana, ƙasa da yadda ake gani a masu ADHD kaɗai, kuma kashi 18 cikin 100 sai da aka dakatar musu saboda illa, galibi saurin fushi. Shi ya sa yake farawa da kaɗan, yana bin nauyin yaron da cin abincinsa da barcinsa. Kafin ma a kai can, yakan nemi a matso da kujerar yaron gaba, nesa da taga da fanka, a riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, a manna masa jadawalin yini da hotuna, sannan a dawo masa da labarin wanne hali ya ragu, wanne kuma yana nan.