Wa Ke Kaɗa wa Ɗalibai? Nazarin Rawar Gargajiya a Jami'a da Gadon Kudancin Katsina

Da wuya shekarar karatu ta ƙare a jami'o'in Arewa ba a yi ranar al'adu ba. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, tsarin kusan ɗaya ne. A kafa rumfuna, a jera kujerun manyan baƙi, kowace ƙungiyar ɗalibai a ba ta 'yan mintoci ta nuna abin da ta gada. Tibabe su fito da suwange cikin tufafinsu masu ratsin baƙi da fari, Ibo su yi atilogu da tsalle-tsallenta, Yarabawa su taka bata. In layi ya zo kan Hausawa, sai 'yan mata su shigo da ɗaurin ƙirji na saƙi, da ƙwarya da mafici, samari da 'yar shara da malfa, wani ya saɓa galma. Kiɗan kuwa, sau da yawa daga lasifika yake fitowa.

Waɗannan jami'o'i suna cikin waɗanda 'ya'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Katsina, ke nufa, kuma ana samun su cikin masu takawar. Abin tambaya shi ne: rawar da suke yi a gaban shugabannin makaranta, ta garinsu ce, ko wata ce daban da aka ɗinka domin kallo?

Ƙananan hukumomin nan uku, waɗanda ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ƙasar noma ce ta shiyyar Funtuwa: masara, dawa, auduga, waken suya. Yawancin raye-rayen da aka sani a nan daga aiki suka tsiro. In an kira gayya, mai gangar noma yana bin bayan manoma kunya-kunya, yana kaɗa wa kowane gwarzo takensa. Wanda ya ji takensa ba sai an ce masa ya ƙara ƙaimi ba. Zai ɗaga galma ya yi kirari, ya taka 'yar rawa a bakin kunya, ya sake duƙawa. Sunkuyon da ake gani a rawar manoma da yadda ake dira ƙafa, duk motsin huɗa ne. Bayan an kai amfanin gona gida kuma sai kalankuwa, inda samari da 'yan mata na ƙauyuka maƙwabta ke haɗuwa a kwana ana kiɗa, sarkin samari na tsawatarwa.

Da daddare, musamman in akwai farin wata, dandali na 'yan mata ne. Su yi da'ira suna tafi suna waƙar gaɗa, ɗaya ta juya baya ta saki jiki, sauran su tare ta su cilla. In mai kalangu ya zo, yarinya ta shiga fage, shi kuma ya matsa tsarkiya a hammata ya kira sunanta da na saurayinta da bakin kalangu, kowa a wurin ya gane abin da aka faɗa, a yi shewa, a yi liƙi. Sana'o'i ma kowace da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa da wasan wuta, maharba da babbar garaya, 'yan tauri da wuƙaƙensu. Fulanin da ke zaune a rugagen yankin suna da sarewa da sharo. A gidajen Maguzawa na ƙasar Ƙanƙara da Malumfashi, inda masani Murray Last ya zauna yana bincike a kan magani da warkarwa, garaya da bori suna cikin hidimar gida da ta jinya.

Mata a cikin kulle suna da nasu fagen. Amada, kiɗan ƙwarya da ake kifawa a kan ruwa ko a ƙasa, ita ce ta biki da suna, kuma ƙasar Funtuwa ce ta haifi fitacciyarta, Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. A Funtuwar dai Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi zama mai tsawo da kalangansa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Ɗalibin da ya fito daga wannan shiyya bai rasa abin tinƙaho ba.

Duk waɗannan raye-raye abu ɗaya ya haɗa su: makaɗi da mai rawa zance suke yi. Makaɗin ya san ɗan wane ne ya shigo fage, ya san kirarin kakansa, yana kallon ƙafarsa. In ya ga ta yi nauyi ya sassauta, in ya ga ta ɗauki zafi ya tsananta. Mai rawa ma yana iya juya makaɗi, ya tilasta masa sauya kiɗa da taku ɗaya. Wannan zancen ne abu na farko da ke faɗuwa a hanya in rawa ta hau dandamalin jami'a. Kiɗan da aka naɗa a waya bai san kowa ba, ba ya jiran kowa. Dole ɗalibai su haddace taku su ƙirga shi, shi ya sa ake ganin goma sun ɗaga hannun dama a lokaci guda, abin da ba a nema a dandalin ƙauye, inda gwaninta ita ce mutum ya fita daban.

Sai kuma tsayuwa. A gida da'ira ake yi, 'yan kallo su ne katangar fage, kuma wanda yake kallo yanzu shi ne mai rawa an jima. A jami'a sahu ake ja, a fuskanci teburin manyan baƙi, a durƙusa a gaishe su, a yi abin da za a yi a fita. Kalankuwar da ake kwana ana yi sai a matse ta cikin mintoci kaɗan. Domin kada a bar komai a baya, sai a cusa daka da tankaɗe da tallar fura da kamun amarya da dambe cikin fitowa guda. Mai kallo daga Inugu ko Ibadan zai tafi da zaton haka Hausawa ke rawa, alhali abubuwa biyar ne da ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, wasu na damina, wasu na kaka, wasu na cikin gida da namiji ba ya gani.

Daga ina wannan salo ya fito? Tushensa biyu ne a bayyane. Na farko ƙungiyoyin rawa na hukumomin al'adu na jihohi, waɗanda suka bunƙasa a shekarun 1970, lokacin da Nijeriya ke shirin bikin FESTAC na 1977. A can ne aka koyi tsara rawar ƙauye ta dace da dandamali da agogon alƙalan gasa. Mafi shahara cikinsu ita ce koroso ta Kano, mai kacau-kacau a ƙafa da sarewa da wasan motsa jiki na bibbiyu, wadda ta haɗa takun Fulani da na Hausawa. Koroso ta yi farin jini har ta zama kamar rigar aro da kowace makaranta ke sawa ranar biki, ko ta yi wa mai ita daidai ko ba ta yi ba. Tushe na biyu finafinan Hausa ne, da rawa da waƙarsu da suka sha ruwan finafinan Indiya, kiɗansu kuma na fiyano ne da kwamfuta. Yawancin waƙoƙin da ake sakawa a ranar al'adu daga nan suke, masu ɗanɗanon gargajiya amma haihuwar situdiyo. Ta haka ɗan Faskari zai wakilci Katsina da takun Kano da kiɗan fim, gangar noman garinsu ba ta ko leƙo ba.

Akwai kuma abin da ake tacewa da gangan. Bori ba ya hawa dandamali sai a matsayin kwaikwayo, a sa wa wani jar hula a ce aljani Ɗan Galadima ne, a yi dariya a wuce. Wasan tauri ya zama wuƙar katako. Cakuɗuwar maza da mata a fage, wadda malamai suka daɗe suna suka tun kafin jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, takan sa a raba sahu, ko 'yan mata su sa doguwar riga a ƙarƙashin saƙi su rufe kai. Ba a ga laifin ɗaliba a nan ba. Tana da iyaye a gida, tana kuma sane da cewa kafin ta sauka wani ya ɗora bidiyonta a TikTok. Wannan tacewa ita kanta wani babi ce na tarihin rawar Hausa, domin al'adar ta daɗe tana daidaita kanta da addini. Illar tana zuwa ne in an nuna abin da aka tace a matsayin yadda kakanni suka yi shi.

Jami'a ta taɓa bin wata hanyar, kuma a kusa da nan aka yi. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton da abokan aikinsa suka kafa karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan wasan da aka gina musu a Samaru na ƙasa ne, zanen Ba'amurke Steven Ehrlich, an yi shi da siffar gidan Bahaushe, zauruka kewaye da fili, domin 'yan kallo su kewaye masu wasa yadda aka saba. Daga nan malamai da ɗalibai, cikinsu har da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita ƙauyuka. Aka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, aka yi Wasan Maska a tsohon garin Maska na ƙasar Funtuwa, aka yi na Bomo. Ɗalibai kan je su saurari koken manoma, su gina wasa a kansa, su nuna shi a filin gari da Hausa, tare da kiɗa da waƙar da mutanen wurin suka sani. A wannan jami'ar dai, Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta riƙe makaɗa da masu rawa na gargajiya a matsayin ma'aikata. Shahararren mai busar jaz na Amurka, Yusef Lateef, ya yi aiki a cibiyar daga 1981 zuwa 1985, kuma shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. A wancan tsari, makaɗin ƙauye malami ne, ɗalibi ke zuwa wurinsa.

Yau wannan fitar ta yi wuya, kuma babu inda ta fi wuya kamar waɗannan ƙananan hukumomi uku. Faskari tana iyaka da Zamfara, Sabuwa na jingine da dazukan Birnin Gwari, Ƙanƙara kuma duniya ta san sunanta tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ukun nan na ciki, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. Inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ba a kiɗan dare. Ganga tana tara jama'a, tana kuma sanar da na cikin daji inda jama'ar take. Gonar nesa da aka daina zuwa ba ta bukatar gayya, biki kuma an mai da shi na rana, a ɗaura aure a watse. Iyalai da dama sun koma Funtuwa da Katsina da Zariya, makaɗa na cikinsu. Yaron da aka haifa a 2005, wanda yanzu yake aji biyu ko uku a jami'a, yana iya kasancewa bai taɓa tsayawa a fagen kalankuwa ba.

Wannan ne ya ƙara wa rawar ɗalibai nauyin da ba ta da shi a da. Lokacin da dandali ke raye, abin da ake yi a jami'a nishaɗi ne kawai, in an yi kuskure gida na nan zai gyara. Yanzu ga yara da yawa, ranar al'adu ita ce karo na farko da za su ga an ɗaura warki ko an kifa ƙwarya, kuma bidiyon da aka ɗauka a wurin shi ƙannensu za su kalla. Tana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba. A yankin da rikici ya shiga tsakanin manomi da makiyayi, har ana kallon juna da zargi, fagen jami'a na cikin wuraren da ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani ke shiga sahu ɗaya, wannan da galma wancan da sanda. Ranar Hausa ta Duniya, da ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, ta ƙara buɗe irin wannan fage a makarantu.

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba. Kuɗin da ake kashewa wajen hayar lasifika da rumfa da abincin manyan baƙi, wani kaso nasa zai ɗauko mai kalangu da ɗan karɓinsa, ko mai gangar noma, ko zabiyar amada da masu ƙwaryarta. Ba sai an shiga daji ba, tunda hijira ta kawo da yawansu garuruwan da jami'o'in suke. In makaɗi ya zauna da ɗalibai mako guda kafin biki, zai gaya musu wane taku ne na huɗa, wane ne na mahauta, wane ne bai kamata a haɗa da wane ba. Mai gabatarwa kuma ya daina cewa "ga rawar Hausawa", ya faɗi sunan rawar da garin da ta fito da lokacin da ake yin ta. Sassan Hausa da na wasan kwaikwayo, waɗanda kowace shekara ke karɓar kundayen kammala digiri a kan waƙoƙin baka, suna iya tura ɗalibin Sabuwa ya naɗo taken manoman garinsu daga bakin tsofaffin da suka rage, da hoton motsin ƙafa, ba baitoci a takarda kaɗai ba. Wayar da ke aljihunsa ta isa wannan aiki, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina wuri ce da ya dace a ajiye kwafi.