Dorugu da Littafin Magana Hausa: Bangaskiya, Haƙuri da Haƙƙin Mai Magana

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da malaman makaranta a Madawa, ko Buza, ko Keita, ya san akwai rubuce-rubuce da dama da ke kwance cikin akwatuna, masu su suna jiran ranar da za su ga ɗab'i. Idan marubucin Kirista ne, jiran yakan ƙara tsawo, domin jama'arsa kaɗan ce a ƙasar Adar da Gobir, kuma ƙofar da ta fi buɗe masa ita ce ta fassarar littattafan addini da waƙoƙin sujada. Wannan maƙala za ta waiwayi wani ɗan ƙasar Nijar da ya riga kowa bin wannan hanya, wato Dorugu, ta auna labarin rayuwarsa a ma'aunin adabi, sa'an nan ta tambaya: wa ya ci moriyar haƙurinsa?

Wane ne Dorugu?

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta aka kai shi Barno. A can ne Bajamushen nan Adolf Overweg ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim. Tare da shi Dorugu ya bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Sayi har Tumbutu a 1853, daga baya suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Ingila a 1855.

A Ingila ne ya haɗu da James Frederick Schön, wani mai wa'azin Kirista da ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön ya fara koyon Hausa daga bakin ƴantattun bayi a Saliyo, bai kuwa taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Burinsa shi ne ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ga shi kuma Allah ya kawo masa Bahaushe har gida. Dorugu ya zauna da shi shekaru, aka yi masa baftisma da sunan James Henry Dorugu. A wannan zama ne Schön ya fitar da fassarar Linjilar Matiyu a 1857, da littafin nahawun Hausa a 1862. Ƙamusunsa ya biyo baya a 1876.

Labarin rayuwarsa kuwa, wanda ya shifta wa Schön tun a 1856, bai fito a cike ba sai a 1885, cikin littafin da ake kira Magana Hausa. Yaron da ya ba da labari yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, ya haura arba'in kafin maganarsa ta zama littafi. A lokacin ma ya daɗe da komowa Afirka, tun 1864, yana aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912.

Labarin a ma'aunin adabi

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne rashin ƙawa. Dorugu ba ya kwarzanta kansa, ba ya kuma neman a tausaya masa. Yakan faɗi rabuwa da iyaye da sauyin iyayengiji da jimloli gajeru, ya wuce. Wani manazarci zai ce wannan rauni ne, domin wuraren da ya kamata a tsaya a yi kuka an ratsa su da gaggawa. Ni a ganina kunya ce irin ta Bahaushe, wadda ba ta yarda mutum ya baje baƙin cikinsa a gaban baƙo. Mai karatu na gida zai ji nauyin abin da aka haɗiye fiye da yadda mai rubutawar ya ji.

Abu na biyu shi ne ido. Littattafan matafiya na wancan ƙarni, har da manyan kundaye biyar na Barth, Bature ne ke kallon baƙar fata yana bayyana shi. A nan reshe ya juye da mujiya: Bahaushe ne ke kallon Turawa, yana bayyana yadda suke zaman cin abinci da yadda suke karɓar baƙi, da mamaki wani lokaci, da ɗan murmushi wani lokaci, amma ba da ƙasƙantar da kai ba. Wannan kaɗai ya isa ya ba labarin gurbi a tarihin rubutun zube na Hausa, kusan shekara tamanin kafin Ruwan Bagaja.

Sai dai labarin yana da nasa aibu. Zubinsa na tafiya ne, daga zango zuwa zango, har a wasu wurare ya koma jerin sunayen garuruwa. Sa'an nan ya bi ta kunnen baƙo kafin ya hau takarda. Rubutun Schön bai bambanta baƙaƙen nan masu lanƙwasa da muke rubutawa a yau ba, don haka ɗalibin wannan zamani zai yi ta tuntuɓe kafin ya saba. Wanda ke son jin muryar Dorugu sai ya karanta a bayyane, ya maido wa kalmomin sautinsu.

Ina bangaskiya take a ciki?

Mai neman wa'azi a labarin Dorugu zai koma hannu rabbana. Ko da yake a gidan mai wa'azi aka rubuta shi, bai rikiɗe ya zama shaidar tuba wadda ke zagin jiya don ta yabi yau ba. A nan ne ma ƙarfinsa yake. Bangaskiyar marubuci ba ta buƙatar a yi shelarta a kowane shafi. Ana ganinta a wajen riƙon gaskiya, da ƙin yi wa mutanen da ya baro ƙazafi don ya faranta wa mai masaukinsa.

Haka abin yake ga John Tafida na Wusasa, Kiristan da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito sakamakon gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Taurarin littafin Musulmi ne, rikicinsa kuwa na kowa ne: mai dukiya ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta faɗa kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Darasin cewa ɗaukar fansa wuta ce mai cin wanda ya hura ta, limami da fasto duk za su sa hannu a kansa. Shi ya sa aka yi shekaru ana karanta littafin a makarantu ba tare da an damu da inda marubucinsa ke ibada ba.

Haƙuri da haƙƙi

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Dorugu ya dafa dutsen, amma wa ya sha romon? Sunan Schön ne a bangon Magana Hausa. Shi aka ba lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877, shi kuma Jami'ar Oxford ta karrama a 1884. Ba a musun wahalarsa, domin ya yi fiye da shekara arba'in yana hidimar harshen da ba nasa ba, kuma ba don naciyarsa ba da maganar Dorugu ta bi iska. Duk da haka karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tana zuwa bakin mai nazari ko bai so ba. Sai a 1971, lokacin da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin da Ingilishi, Dorugu ya fara samun matsayin mai littafi a idon duniya.

Wani zai ce ai Dorugu bai riƙe alƙalami ba, don haka ba marubuci ba ne. Wannan hujja ba ta tsayawa. Aliyu Namangi makaho ne, wasu ne suka rubuta masa Imfiraji, amma ba wanda ya taɓa jingina waƙar ga magatakarda. Mawallafi shi ne wanda ya zaɓi abin da za a faɗa, ya jera shi, ya ba shi murya. Abin lura kuma shi ne, daga Dorugu zuwa Tafida, sunan Bature yana tsaye kusa da na Bahaushe Kirista, ko ma a gabansa. Haka nan fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 an fi tunawa da ita da sunan Likita Miller na Zariya, alhali da Hausawa aka yi aikin. Haƙuri halin kirki ne ga marubuci, amma bai kamata ya zama hujjar mai ɗab'i ta danne suna ba.

Kammalawa

Tun da aka buɗe asibitin Galmi a 1950, kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, Kiristoci da Musulmin wannan yanki suke haɗuwa a layin magani ɗaya, suna cin kasuwar albasa ɗaya, suna kuma magana da harshe ɗaya. Adabin wannan harshe ma gado ne na tarayya. Saboda haka akwai aiki uku a gabanmu. Na ɗaya, malaman Hausa su kawo sassan labarin Dorugu cikin aji da rubutun yau, domin ɗan Buza ya san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka buga da boko na ɗan ƙasarsa ne. Na biyu, ƙungiyoyin al'adu, idan an kawo musu rubutu, su auna shi da ingancin Hausarsa da gaskiyar abin da ya ƙunsa, kada su fara da tambayar addinin mai shi. Na uku, duk wanda ya ɗauki labari daga bakin tsoho ko tsohuwa a Keita ko wani ƙauye, ya sa sunan mai maganar a inda ya dace, da yardarsa.

Ga marubucin da ke jira kuwa, Kirista ne ko Musulmi, tarihin Dorugu ya nuna cewa magana mai gaskiya tana iya kwana shekara talatin a takarda ba ta lalace ba. Namu shi ne mu rage wa na baya tsawon wannan jira.